Kajin Iya Masu Hankali, Baƙi Sun Cinye Su

Duk wanda ya san unguwarmu a Dutse, can gindin duwatsu inda gidaje suka ƙare dabino ya fara, to ya san kajin Iya. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, kuma a gidanta muke zaune. Kajin nan ba wani kyau gare su ba. Ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar na zalɓe, ƙirji ba nama, amma wajen gudu ko zabo sai ya sara musu. Ba sa kwana a akurki. Rana na faɗuwa sai saman darbejiyar tsakar gida, can ƙololuwa inda gora ba ta kaiwa. In ka watsa musu tsaba, ido ɗaya na kan tsabar, ɗaya na kanka. Ka ɗaga ƙafa, sun haye katanga sun bi dutse.

Ita kuma Iya tana da doka. Baƙo ya taso daga wani gari ya tako gidanta, sai an yanka masa kaza. Kuma ba ta kasuwa ba. Tun kafin a haife ni aka taɓa sayo wata a kasuwa, ta shigo da cuta ta kusa ƙarar mata da kaji, daga ranar ta rantse baƙuwar kaza ba ta ƙara shigar mata gida ba. Saboda haka a gidanmu sallamar baƙo kamar gangar yaƙi take. Ana "lale marhabin", mu muna naɗe ƙafar wando.

Iya tana da nata bayanin. Ta ce zamani ne ya lalace.

"'Ya'yan yanzu ba tarbiyya, har kaji. Ni da aka kawo ni gidan nan daga Miga, kajin da na zo da su ƙosassu ne, gajeru, masu hankali. In na kaɗa ƙwarya har kan ƙafata suke zuwa. Amma dubi waɗannan, kamar 'yan tasha."

Ni ma haka na ɗauka, har shekarar da na gama sakandare na zauna jiran gurbin karatu.

A makaranta akwai wani babi a ƙarshen littafin bayoloji da ake kira juyin halitta. Da muka iso wurin, malaminmu ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ku haddace saboda jarrabawa, amma kada ku bari ya sauka daga kai zuwa zuciya." Ya juya shafi. Ka san halin mutum, abin da aka rufe shi yake son leƙawa. Da na sami waya mai ɗan dama, duk datar da na samu a can take ƙarewa. Ina karantawa, ina kallon bidiyo, turancin da ya fi ƙarfina in nemi ma'anarsa in dawo. Wallahi abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauƙinsa. Na zata wani tsafi ne na turawa, ashe magana uku ce kawai. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya. 'Ya'ya suna gadon kamannin iyaye. Kuma ba duk wanda aka haifa ne yake rayuwa har shi ma ya haifa ba. Shi ke nan! Wanda halittarsa ta dace da inda yake, shi zai tsira ya bar baya. In aka yi ta maimaita haka tsatso bayan tsatso, sai ka ga jama'ar ta canza kama, alhali ba wanda ya zauna ya canza kansa.

Na fahimce shi a waya, amma a tsakar gida na gan shi da idona.

Ranar Gwaggona ce ta zo daga Miga. Iya ta ce, "Maigida, tashi." Haka take kirana, wasan kaka da jika. "A kamo mai nama-nama, baƙo ba a ba shi ƙashi." Muka bazu ni da ƙannena. Aka yi ta zagaye, turmi ya faɗi, wata ta bi ta kan igiyar shanya ta zubar da kayan wanki. Can dai muka ritsa wani zakara a lungun rumbu, wanda ya fi sauran nauyi, ya gaji. Ina riƙe da shi, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, sai na ɗaga kai. Sauran suna jere a kan katanga suna kallonmu. Duk dogaye, duk ramammu.

Na ce a raina, ai ga shi nan! Kullum wadda ta fi ƙiba muke nema, kuma wadda ta fi saurin kamuwa ita ke zuwa hannu. Masu kwana a akurki an cinye su tuntuni, don su ake fara samu. Masu zuwa in an kaɗa ƙwarya an cinye su. Wa ya rage ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe? 'Yan tashar. Shekara da shekaru, tun Iya tana amarya. Kajin ba su lalace ba, ba kuma su koyi gudu ba. Masu hankalin ne baƙi suka cinye.

Na san mai ilimi zai ce ai wannan zaɓen mutum ne, ba na yanayi ba. To amma Iya ba ta taɓa nufin ta yi kiwon kajin tsere ba, kishiyar haka ma take so. A wurin kaza, mu da shirwa duk ɗaya ne, abu ne dai da yake zuwa ya ɗauke wadda ba ta yi sauri ba.

A cikin kajin nan kaf, ɗaya ce tak ta ɗebo irin na da. Wata sagara ce ja, mai gajerun ƙafafu, irin wadda ake ce wa durgu. Tafiya take kamar mai juna biyu, kuma ba ta tsoron kowa, har cikin ɗaki take bin Iya. Abin da ya tsare ta zuwa lokacin, ƙanƙanta ce. Amma ta fara cika, kuma na san baƙo na gaba nata ne. In ta tafi, irin kajin da Iya ta zo da su ya ƙare ke nan.

Bayan Gwaggo ta tafi na zauna na yi wa Iya bayani tiryan-tiryan. Har da zane a ƙasa da tsinke. Tana tsintar wake tana ji.

"Wato ni na ɓata kajina."

"Ba ke ba, Iya, karamcinki."

"Ja'iri. To yanzu me kake so?"

"A bar 'yar durgun nan ta yi kwanci. Ita da 'ya'yanta kar a taɓa su. A riƙa yanka masu gudun. Nan da 'yan shekaru za ki kaɗa ƙwarya su zo kan ƙafarki."

Ta dakata da tsintar waken. Ta dubi 'yar durgun, wadda take gefenta tana sa ido a kan tiren waken.

"Kamar wadda innata ta ba ni," ta ce a hankali. Sai kuma ta dawo da muryarta. "To na ji. Amma wa zai kamo masu gudun? Kai? Ga sharaɗi, Maigida. Baƙo ya zo, in ka kawo min wata a hannu kafin ruwa ya tafasa, 'yar durgun ta sha. In ba ka kawo ba, ba zan ji kunya a gidana saboda karatunka ba."

Na ce na yarda. Ai baƙi ba kullum suke zuwa ba.

To ni abu in ya burge ni ba na iya riƙe shi. Ji nake kamar na ga wata ni kaɗai. Da yamma na je rumfar mai cajin waya inda muke zama da abokai, na kwashe komai na faɗa musu. Na fara da kaji. Na wuce kan sauro, yadda maganin da yake kashe su da yanzu sai su sha su yi hamdala. Na wuce kan ƙadangarun duwatsunmu masu launin dutse. Suna ta dariya suna cewa, "Sai Farfesa!" Sai wani ya ce, "Kai tsaya. Ba wannan ne karatun da aka ce mutum daga biri yake ba?"

Na ce, "Ba haka suka ce ba. Cewa suka yi mutum da biri kakansu ɗaya can da nisa, kamar 'yan uwan..."

Ban ƙarasa ba rumfar ta kaure. "Innalillahi! To kai dai, mu ban da mu." "Shi ya sa yake son ayaba!" "Farfesa, ina wutsiyar, a wando kake naɗe ta?"

Na yi ta cewa ni maganar kaji na zo da ita. Ina! Kaza ba ta da daɗin ɗauka, biri ke da shi. Kafin sati ya zagayo, labarin da ke yawo a unguwa shi ne wai na ce kakata daga biri take. Iya da ta ji a gidan suna ta dawo ta ce min, "Ka ce musu in ni biri ce, kai ne mijin." Ta yi dariyarta ta wuce. Amma mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Kuka ta yi, ta buga wa yayanta waya.

Yayan nata, Kawuna, malami ne a Jahun. Makarantar allo gare shi wadda ya gada daga mahaifinsa, a hannunsa ma na yi saukar farko. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya faɗa, amma in ya ce "to" sai ka gwammace ya mare ka. Ya aiko cewa yana nan tafe, bai faɗi rana ba.

Da farko tsoron tambayoyinsa na ji. Sai daga baya lissafin ya faɗo min. Kawu daga wani gari zai taso. Malami ne. Kuma suruki ne a gidan Iya. Wato baƙon da ya fi kowane baƙo. Bakina da na buɗe don in ceci kaza, shi ya gayyato mai cin ta.

Na shiga shiri. Na kafa kwando da sanda da igiya, na zuba tsaba a ƙarƙashi, na laɓe a bayan randa. Kullum in na ja igiya, wa zan tarar a ciki? 'Yar durgu, tana cin tsabarta hankali kwance. Sauran ko kusa ba sa zuwa. Na gwada hawa darbejiya da sassafe, suka tashi fir suka sauka gidan maƙwabta.

Wata Laraba da hantsi muka ji a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida. Sallama. Kawu ne, da farar riga da buta a hannu.

Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar darbejiya, aka kawo ruwa da dabino. Suka gaisa da Iya, gaisuwar surukai mai tsawo, ina gajiya, ya iyali, ya ɗalibai, ya ruwa a wajenku. Ana gamawa Iya ta juyo, ko sunana ba ta kira ba.

"Zan hura wuta."

Na tashi. Kawu ya ce, "Ina za ka? Ai wurinka na zo."

"Allah gafarta Malam, kaza zan kamo."

"To kamo, ina kallo. Ma yi maganar a haka."

Haka kuwa aka yi. Ina gudu yana tambaya. Na bi wata baƙa ta zagaye rumbu, na dawo ta gabansa ina haki.

"An ce ka ce Hajiya daga biri take."

"Wallahi ban faɗa ba!"

"To me ka ce?"

Baƙar ta haye katanga. Na juya kan wani zakara mai wuyan tsiya. A tsakanin zagaye da zagaye na riƙa jefa masa bayanin guntu-guntu, 'ya'ya ba sa zama ɗaya, suna gadon iyaye, wanda ya tsira shi ke barin baya. Na yi tsalle na kama jelar zakaran, ya bar min gashi a hannu, na ci ƙasa. Iya daga madafa ta ce, "Sannu jarumi. Ruwa ya fara motsi."

Kawu yana cin dabino yana kallon kajin da suka jeru a katanga.

"Wato waɗancan jikokin masu gudu ne."

"Ƙwarai, Malam!"

"Wannan ai ba abin kuka ba ne. Wanda ya ba kaza ƙafa, Shi ya ba ku yunwa. To amma tsaya. A duk shekarun nan, akwai wadda ta koma zabo?"

"A'a. Shekarun sun yi kaɗan. Su masanan cewa suke in lokacin ya yi tsawo sosai, tsawon da kai ba ya ɗauka, ƙananan canjin nan suna taruwa har iri ya rabu biyu. Akwai ƙasusuwan da ake tonowa, akwai kuma abin da ake karantawa a cikin jini, na gado..."

"Har mutum?"

Na tsaya. Da ma nan za a zo.

"Haka suka ce, Malam."

"Ba su na tambaya ba."

Gumi na zubo min a ido. Na faɗa masa gaskiya. Na ce na kaji na gani da idona, ba na shakka. Na sauro ma haka. Na mutum kuwa, na karanta hujjojinsu kuma ban iya rushe su ba, na kuma san abin da ya karantar da ni a allo, ban sake shi ba. Na ce abu biyun suna cikin kaina, ban san yadda zan zaunar da su ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce na sani ba.

Ya ajiye ƙwallon dabino a bakin darduma. Sannan ya ce, "Asalin mutum an faɗa mana shi, ni a nan na tsaya, a nan kuma nake so in same ka ranar da za a tashe mu. Ban karanta littattafan nan naka ba, ba zan yi fatawa a kan abin da ban karanta ba. Amma abin da kai kanka ba ka gama zaunar da shi ba, ya za ka kai shi rumfar caji? Ka ba mutane ɗanyen tuwo, sannan ka ji haushi sun tofar."

Yana rufe baki Iya ta fito daga madafa da wuƙa.

Ba ta ko yi nisa ba. 'Yar durgu tana nan bakin dardumar Kawu, tana tsattsagar ƙwallon dabinon da ya ajiye. Iya ta sunkuya kawai ta ɗauke ta, kamar an ɗauki ludayi. Kazar ko fuffuka ba ta yi ba.

"Malam, ga wuƙa. Tunda kana nan, hannunka ya fi albarka."

Na ce, "Iya!"

"Sharaɗi sharaɗi ne, Maigida." Ba ta kalle ni ba. Na lura ita ma ba ta kallon kazar.

Kawu ya tambayi mene ne. Na faɗa masa da sauri, har harshena na harɗewa, cewa ita kaɗai ta rage, irin wadda aka kawo Iya da ita ce. Ya karɓi kazar, ya auna nauyinta a hannu, ya shafa bayanta.

"Hajiya, a bar ta. Ni ko tuwo da kuka aka ba ni na gode."

"Haba Malam! A ce ka taso tun daga Jahun ka shigo gidan nan ba a yi maka komai ba? Da wane ido zan kalli ƙanwarka? So kake a yi da ni a gari?"

"Na yafe."

"Ni ban yafe ba. Kazar nan ta fita daga hannuna, taka ce."

Aka yi ta ja, shi yana a bari, ita tana ba za a bari ba. Ni ina tsaye a tsakiya da gashin jela a hannu. Can Kawu ya ce, "Kin ce tawa ce?"

"Taka ce."

"To na karɓa. Amma da ranta nake so."

Iya ta ajiye wuƙar. Kowa ya san ana ba baƙo kazarsa da rai ya tafi da ita, kuma ba a ce an gaza ba. 'Yar durgu ta tsira daga wuƙa, amma Jahun za ta. Gidanmu an bar mana 'yan tasha zalla.

Kawu ya ci tuwonsa da miyar kuka, ya yi azahar, ya keɓe da mahaifiyata ya ce mata ta kwantar da hankalinta, yaron bai fita daga musulunci ba, surutu ne dai ya yi masa yawa. Iya da kanta ta yago tsumma ta ɗaure wa 'yar durgu ƙafafu, sako-sako, kamar ma akwai inda za ta gudu. Ta ƙulla tsaba a leda ta haɗa masa.

"A riƙa jiƙa mata, Malam. Ba ta son mai tauri."

Ni na ɗauko ta har bakin titi. Da a-daidaita-sahu ya tsaya, Kawu ya shiga, na ɗora masa ita a cinya. Ta gyara zama kamar da ma ta saba hawa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, don Allah kar a haɗa ta da zakara mai dogayen ƙafafu. In da hali a samo mata gajere. Kuma in ta ƙyanƙyashe a duba ko..."

"Kai za ka zo ka duba. Ka taho da littattafan naka, ka karanta min, in ji da kunnena abin da suka ce."

"In sha Allahu!"

Direba ya tayar da mashin. Kawu ya leƙo da kai.

"Amma ka zo a ɗan gida. In ka zo a baƙo, ita za a yanka maka."